Taku biyu ko uku? Dokar ƙwallon kwando da ke raba kan matasan Gaya

Daga wakilinmu a Gaya

Da la'asar sakaliya, idan zafin rana ya fara sauka a garin Gaya, wasu samari kan taru a filin siminti na wata makaranta mai allon ƙwallon kwando biyu, ɗaya ma ragarsa ta daɗe da yagewa. Babu alƙalin wasa, babu agogo. Wanda aka yi wa laifi shi ke faɗa da bakinsa, sauran su yarda ko su ƙi.

A yammacin da na je, wasa ya ɗauki zafi, maki ɗaya ne tsakanin ɓangarorin biyu. Wani dogon yaro ya sheƙo da gudu ta gefen dama, abokinsa ya cillo masa ƙwallo, ya cafe, ƙafafunsa suka taɓa ƙasa sau uku, ya yi sama ya zura ta a kwando. Kafin ya dira ihu ya tashi: marshe, marshe!

Abokan hamayyarsa suka dage cewa ya yi tafiya da ƙwallo, domin sun ƙirga taku uku, kuma tun suna yara taku biyu aka koya musu. 'Yan ɓangarensa suka ce ai haka ake yi a Amurka. Nan take aka zaro wayoyi, kowa na neman bidiyon da zai kare shi. Har aka kira sallar magariba ba a koma wasa ba, kuma aka watse ba a san wanda ya ci ba.

Yaron yana da gaskiya. Sai dai hujjar da abokansa suka kawo ba ita ce ta wanke shi ba, kuma masu ihun ba su yi kuskuren ƙidaya ba. Abin da ya raba su shi ne inda ya kamata a fara ƙirgawa.

Gari ɗaya, ƙasa uku

Gaya na can kudancin jihar Dosso, kusan kilomita 300 daga Yamai, a bakin kogin Isa wanda 'yan Najeriya ke kira Kwara. Tsallaken kogin akwai Malanbil ta Jamhuriyar Benin, ta gabas kuma Kamba ta jihar Kebbi. A kasuwa za ka ji Dendi da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Faransanci a rumfa ɗaya.

A jihar Dosso kokowa ce sarauniyar wasanni, kuma sunan Issaka Issaka, wanda ya sha ɗaukar takobin ƙasa, ya fi na kowane ɗan wasan kwando shiga gidaje. Kokowa kuwa ba ta da dogon musu, wanda ya faɗi kowa ya gani. Ƙwallon kwando baƙuwa ce, kuma ta shigo da dokokin da sai an zauna an koya.

Matasan da ke buga ta a nan sun ɗebo iliminsu daga wurare daban-daban. Wasu a lakwal suka koya wurin malamin motsa jiki, da kalmomin Faransanci, shi ya sa suke cewa marshe. Wasu sun yi karatu ko zama a Sakkwato ko Zariya ko Kano, su kuma tirabilin suke cewa. Akwai waɗanda suka taɓa bugawa a Kwatano ko Faraku. Mafi yawa kuma malaminsu wayar hannu ce: gajerun bidiyon gasar NBA a TikTok da Facebook da YouTube. Ko da aka rufe gadar Gaya zuwa Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, jama'a suka koma kwale-kwale, waɗannan bidiyon ba su daina shigowa ba.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, a hukumance littafi ɗaya ke mulkin wasan a ƙasashen uku. Nijar da Benin da Najeriya duk mambobin hukumar ƙwallon kwando ta duniya FIBA ne, kuma suna shiyya ɗaya, wato shiyya ta 3 ta reshen Afirka. Duk wasan da hukumar FENIBASKET ta shirya a Yamai, ko takwararta ta Najeriya ta shirya a Kano, da dokar FIBA ake hura usur.

Dokar da ta girmi buga ƙwallo a ƙasa

Haramcin gudu da ƙwallo tare aka haife shi da wasan. A Disambar 1891 wani malamin motsa jiki ɗan Kanada, James Naismith, ya ƙirƙiro wasan a garin Sifirinfil na jihar Masachusets a Amurka, domin ɗalibansa su samu abin yi a cikin ɗaki lokacin sanyi. Ya rubuta dokoki 13. Ta ukunsu ta hana ɗan wasa gudu da ƙwallo, ta ce ya jefa ta daga inda ya cafe.

Dalilinsa mai sauƙi ne. Idan aka bar mutum ya ruga da ƙwallo a hannu, dole a tare shi da ƙarfi, a kan daɓen katako kuma wannan karaya ce. Amma tun a wannan doka ta uku Naismith ya yi sassauci ga wanda ya cafe ƙwallo yana cikin gudu, muddin yana ƙoƙarin tsayawa. Ya san jikin mutum ba ya tsayawa cak a taku ɗaya.

Bubbuga ƙwallo a ƙasa, wanda 'yan wasa ke kira diribil, daga baya ya shigo. Shi kuma sassaucin nan na mai gudu shi ne aka yi ta jayayya a kansa sama da shekara 120: taku nawa za a yafe masa, kuma daga ina za a fara lissafi?

Sai an mallaki ƙwallo ake fara lissafi

A littafin dokokin FIBA, sashe na 25 ne ke magana kan tafiya da ƙwallo. Amma ba a fahimtarsa sai an haɗa da sashe na 24 mai bayanin diribil, da na 14 mai bayanin mallakar ƙwallo.

Ginshiƙin maganar shi ne: ba a yin laifin tafiya sai ɗan wasa yana riƙe da ƙwallo mai rai a cikin fili. Idan yana diribil, ƙwallon ta bar hannunsa tana hanyar ƙasa ko tana dawowa, yana iya yin taku ko nawa ne. Doka ba ta sa iyaka ba. Mai tura ƙwallo gaba da nisa ya bi ta da taku biyar kafin ya sake taɓa ta bai yi laifi ba.

Diribil yana ƙarewa ne a ɗaya daga cikin hali biyu: ɗan wasa ya taɓa ƙwallo da hannu biyu a lokaci ɗaya, ko ya bar ta ta kwanta a hannu ɗaya ko biyu. Daga wannan ƙiftawar ido ne alƙali ke duba ƙafafu.

Haka nan idan ƙwallo ta suɓuce wa mutum ba da gangan ba, yana ta lalubenta tana tsalle a yatsunsa, bai mallake ta ba tukuna, don haka takun da ya yi a wannan hali ba ya shiga lissafi. A filin Gaya na ga ana ihun marshe a irin wannan yanayi fiye da sau ɗaya, alhali dokar ba ta ga laifi ba. Sharaɗin kawai shi ne ya zama suɓucewa ta gaskiya. Wanda ya cilla wa kansa ƙwallo da gangan ya bi ta ya cafe ba tare da ta taɓa ƙasa ba, wannan ya karya doka.

Ƙafar turke

Ɗan wasan da ya karɓi ƙwallo yana tsaye, ƙafafunsa biyu a ƙasa, hukuncinsa ya fi sauƙin ganewa. Da zarar ya ɗaga ƙafa ɗaya, ɗayar ta zama abin da masu Faransanci ke kira fibo. A Hausa a iya kiranta ƙafar turke: kamar akuyar da aka ɗaure, tana iya zagaya turke ta ko'ina, turken ne dai ba ya motsi. Yana iya taka ɗayar ƙafar gaba da baya da gefe sau nawa ya ga dama, muddin ta turken ba ta bar gurbinta ba, ba a kuma ja ta ba.

Daga nan doka ta rabu gida biyu, kuma a nan ne da yawa ke ruɗewa.

Idan zai fara diribil, dole ƙwallo ta bar hannunsa kafin ƙafar turke ta bar ƙasa.

Idan kuwa zai ba wani ƙwallo ko zai jefa kwando, yana iya ɗaga ƙafar turke, yana iya yin tsalle. Amma ba za ta dawo ƙasa ba sai ƙwallo ta bar hannunsa. Wanda ya yi tsalle zai jefa, ya ga an tare shi, ya dira da ƙwallo a hannu, ya yi laifi. Idan kuma abokin hamayya ne ya ɗora hannu ya danne ƙwallon har suka dira tare, wannan ba tafiya ba ce, riƙon juna ne, kuma hukuncinsa daban.

A yammacin nan, laifin da na fi gani shi ne na farkon: yaro ya karɓi ƙwallo yana tsaye, ya yi wa mai tsaronsa barazana ta hagu, ya fizga ta dama, ƙafar turkensa ta tashi kafin ya saki ƙwallo. Babu wanda ya ce uffan. Ido ya saba da shi har ya zama kamar halal. A wasan hukuma kuwa, ƙwararren alƙali ba ya barin wannan.

Abin da ya canza a 2017

Rigimar Gaya ta samo asali ne daga hukuncin mai gudu. Kafin 2017, a dokar FIBA, idan ka cafe ƙwallo ƙafarka ɗaya na ƙasa, wannan ƙafar ce ta farko a lissafi, ita ce turkenka. Saura taku ɗaya ya rage maka. Haka aka koya wa duk wanda ya fara wasa kafin lokacin, kuma haka da yawa daga cikin malamai da yayye ke ci gaba da koyarwa.

Daga ranar 1 ga Oktoban 2017 FIBA ta sauya wannan. Sabuwar dokar ta ce wanda ya cafe ƙwallo yana cikin tafiya, ko ya kammala diribil, yana da taku biyu domin ya tsaya, ko ya ba wani, ko ya jefa kwando. Kuma takun farko shi ne wanda ƙafa ta taɓa ƙasa bayan ya mallaki ƙwallo. Ƙafar da take ƙasa a daidai lokacin da ya cafe ba ta cikin lissafi. Ita ce masu horarwa ke kira takun sifiri.

Mu koma kan dogon yaron nan. Ƙwallo ta shiga hannunsa ƙafarsa ta dama na ƙasa: sifiri. Ya taka hagu: ɗaya. Ya taka dama: biyu. Ya tashi sama, ya saki ƙwallo kafin ya dira. Masu ihu sun ga ƙafa ta taɓa ƙasa sau uku, kuma ba su yi ƙarya ba. Da a 2016 ne, da suna da gaskiya. A yau kwandon ya ci.

FIBA ta bayyana cewa tana so ne a samu doka guda da ta yi daidai da abin da ke faruwa a fili a duk duniya. Wasan ya ƙara sauri, kuma 'yan wasan da ke kai-komo tsakanin NBA da wasannin ƙasashensu suna shan wahalar sauya ƙafa duk lokacin da suka sauya riga.

Sai dai takun sifiri ba kyauta ba ce da ake samu kowane lokaci. Idan ka cafe ƙwallo kana sama, ƙafafunka biyu ba sa ƙasa, ƙafar da ta fara dira ita ce taku na ɗaya. Idan ka karɓa kana tsaye cak, babu sifiri, dokar turke ce ke aiki. Kuma wanda ya karɓi ƙwallo yana gudu yana son fara diribil, dole ya sake ta kafin takunsa na biyu.

Abubuwan da har yanzu haramun ne

Sabuwar dokar ta buɗe ƙofa ɗaya, ta kuma rufe wata. Bayan ka mallaki ƙwallo, ba za ka taka ƙasa da ƙafa ɗaya sau biyu a jere ba. Dama, hagu, dama ya halatta. Dama, dama, wato ɗingishin da yara ke yi kamar masu wasan langa, laifi ne. Haka ma tsalle da ƙafa biyu a dira da ƙafa biyu da ƙwallo a hannu.

Akwai kuma tsayuwar tsalle. Idan takunka na farko dira ce da ƙafa biyu a lokaci ɗaya, kana da zaɓin kowace ta zama turke. Amma idan ka yi takun farko da ƙafa ɗaya, ka yi tsalle daga ita, ka dira da biyu a matsayin taku na biyu, to ka cinye rabonka: ba ka da turke, ba ka da juyi. Ko ka ba wani ko ka jefa. Idan kuwa ka tsaya da hagu sannan dama, hagun da ta fara dira ita ce turke.

Faɗuwa ma tana da nata hukunci. A dokar FIBA, wanda ya faɗi da ƙwallo a hannu har santsi ya ja shi bai yi laifi ba, haka wanda ya kama ƙwallo yana kwance ko yana zaune. Laifin yana zuwa ne idan ya mirgina ko ya yi yunƙurin miƙewa yana riƙe da ita. Mafita ita ce ya miƙa wa abokinsa daga kwancen, ko ya fara diribil sannan ya tashi.

Hukuncin duk waɗannan ɗaya ne: alƙali ya hura usur, ya dunƙule hannayensa yana juya su a gaban ƙirjinsa, a ba abokan hamayya ƙwallo su jefo daga gefen fili kusa da inda aka yi laifin. Idan ƙwallon ta shiga kwando bayan laifin, ba a ƙirga ta.

Abin da waya ke nunawa da abin da take ɓoyewa

Sunayen da aka fi ambata a musun Gaya su ne James Harden da Giannis Antetokounmpo. Na farkon ya shahara da ja da baya taku biyu kafin ya jefa daga nesa. Na biyun, wanda aka haifa a Girka iyayensa 'yan Najeriya, mai tsayin mita 2.11, yakan ɗauke ƙwallo daga nesa da kwando ya isa da taku biyu kamar mai tsallake kwata.

Dokar ba ta ce taku ya zama gajere ba, ba ta kuma ce dole gaba za a yi ba. Ana iya yin takun farko dama, na biyu hagu, a bar mai tsaro yana kallon iska. Wannan salon, da ake kira takun Turai, ɗan ƙasar Lituweniya Sarunas Marciulionis na cikin waɗanda suka kai shi NBA bayan zuwansa a 1989, sannan Manu Ginobili na Ajantina ya yayata shi a ƙungiyar San Antonio Spurs. Halal ne a NBA, halal ne a FIBA, muddin an kiyaye lissafi.

Ita NBA ta rubuta taku biyu ƙarara a littafinta a 2009, sannan a 2019 ta fayyace ma'anar lokacin da ɗan wasa ya tattara ƙwallo, domin daga nan ake fara ƙirga. Ke nan a yau dokokin biyu sun yi kusa ƙwarai a kan wannan batu. Amma ba su zama ɗaya ba. Misali, wanda ya jefa kwando ƙwallon ba ta taɓa zobe ko allo ko wani ɗan wasa ba, ya ruga ya cafe abarsa, a NBA laifi ne. A FIBA ya halatta idan alƙali ya gamsu cewa jifan kwando ne na gaskiya.

Ga 'yan uwa mazauna Amurka da 'ya'yansu ke wasa a makaranta, akwai littafi na uku. Dokar makarantun sakandare ta can ba ta san takun sifiri ba, kuma faɗuwa ƙasa da ƙwallo a hannu laifi ne a wurinsu. Yaron da ya zo hutu gida daga Niyok ya yi musu da ɗan uwansa na Gaya, yana yiwuwa kowannensu na da gaskiya a littafinsa.

Wani abin da waya ke ɓoyewa shi ne, bidiyon da ke yawo zaɓaɓɓu ne. Ana yanko motsin da ya fi ban mamaki, har da wanda alƙali ya yi kuskure bai hura ba. Kasancewar an bar tauraro ya wuce da taku huɗu a wani dare ba ya mayar da abin doka.

Me ya sa ido ke kuskure?

Mai kallo daga gefe ƙafa yake bi. Alƙalin da aka horar yana fara neman lokacin da ƙwallo ta kwanta a hannu, sannan ya sauke ido kan ƙafa. Tsakanin waɗannan biyu ƙasa da daƙiƙa ɗaya ne, kuma gwanayen 'yan wasa sun iya jinkirta kama ƙwallo: suna barin ta tana juyawa a gefen tafin hannu yayin da ƙafa ke cin ƙasa, sai a ƙarshe su haɗa hannu biyu. Mai ƙirga ƙafa zai ga taku huɗu, alƙali ya ga biyu.

Wannan dabara na da iyaka. Idan hannu ya shiga ƙarƙashin ƙwallo ya tallabe ta, diribil ya ƙare a nan, ko da hannu ɗaya ne. Wanda ya sake buga ta a ƙasa bayan haka ya yi diribil biyu, wanda ya ci gaba da taku kuma lissafi ya hau kansa. Yaran da ke kwaikwayon bidiyo sukan ɗauki jinkirin su bar sharaɗin.

Shi ya sa a manyan wasanni alƙalai uku ke fili, kowa da kusurwarsa. A filin da babu ko ɗaya, mai ƙarfin murya ne ke yanke hukunci.

Abin da ke cikin hatsari

Wani zai ce wasan yamma ne kawai, me ya yi zafi? Amsar tana ga yaron da ke mafarkin wuce filin makaranta.

A wasan hukuma ƙungiya na da daƙiƙa 24 ta kai hari. Duk laifin tafiya ƙwallo ce aka miƙa wa abokan hamayya ba tare da an ko gwada jifa ba. Matashin da ya je gwaji a wata ƙungiya a Yamai ko Kano aka hura masa usur sau uku a minti goma saboda ɗaga ƙafar turke, da wuya koci ya sake kallonsa, komai tsayinsa. Wanda kuma aka tarbiyyantar da tsohuwar doka yana barin taku guda da doka ta ba shi, yana tashi sama tun yana nesa da kwando, mai tsaro na buge masa ƙwallo. Ɗaya na asara saboda ya wuce iyaka, ɗaya saboda bai kai ta ba. Kuma abin da ƙafa ta saba da shi tun ƙuruciya yana da wuyar kankarewa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hanyar kuwa ba mafarki ba ce. Gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka, wadda NBA da FIBA suka haɗa hannu suka fara a Kigali a 2021, da dokar FIBA ake buga ta, kuma ƙungiyar Nigelec ta Yamai ta shiga wasannin share fagenta. Tawagar maza ta Najeriya ta ci kofin Afirka a 2015. Ta mata, D'Tigress, ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Faris a 2024, abin da wata tawagar Afirka, ta maza ko ta mata, ba ta taɓa yi ba. Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019, a Zariya ya tashi, a can ya fara wasa.

Babban misali a kan ƙafa shi ne Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya ci kofin NBA da Houston Rockets a 1994 da 1995. Ƙwallon ƙafa da ta hannu ya fara bugawa kafin ya koma kwando yana saurayi. Abin da ya sa har yau manyan taurari ke nazarin wasansa shi ne yadda yake kafa ƙafar turke ya juya hagu, ya juya dama, ya yi kamar zai tashi, mai tsaro ya tashi shi kaɗai. Duk a cikin doka. Ga wanda ya san iyakar, ita ce makaminsa.

Me za a iya yi a Gaya?

Littafin dokokin FIBA kyauta ne a intanet, akwai shi da Ingilishi da Faransanci, kuma sashe na 25 bai fi shafi ɗaya da ɗoriya ba. Kuɗin data da ake kashewa a kallon bidiyo ɗaya ya isa a sauke shi. Wanda ya yi lakwal ya karanta, ya fassara wa sauran da Hausa ko Dendi a fada wurin shan shayi.

Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar komai sai waya da alli. A ɗauki bidiyon ɗan wasa yana kai hari, a rage saurinsa, a tsayar da hoton a daidai lokacin da ƙwallo ta kwanta a hannunsa. A duba wace ƙafa ce ke ƙasa. Daga nan a ƙirga. A zana gurbin ƙafafun da alli a kan siminti, ƙanana su bi a hankali suna faɗa da baki: sifiri, ɗaya, biyu.

Sannan kafin a fara wasa, a yi abin da 'yan kasuwar Gaya suka saba yi idan ciniki ya haɗa sefa da naira: a fara amincewa da wane kuɗi ake lissafi. A ce da dokar FIBA za a buga, a ba mutum ɗaya daga masu jiran layi usur, hukuncinsa ya zauna ko da ya yi kuskure, gobe wani ya karɓa. Ta haka ne ma ake samun alƙalan gobe.

Hukumomin wasanni na jiha da na ƙasa su ma da nasu rabon. Sauyin 2017 ya kai manyan filaye tun tuni, amma malamin motsa jiki da ke gari mai nisan kilomita ɗaruruwa daga Yamai sai an kai masa. Horon yini biyu ga malamai da masu sha'awar alƙalanci zai kashe musun da ke cinye yammaci guda.

Washegari na sake komawa filin. Dogon yaron na nan, waɗanda suka yi masa ihu ma suna nan, an manta da rigimar jiya kamar ba a yi ba. Na nuna musu sashe na 25 a wayata, wani ya karanta Faransancin da ƙarfi, wani ya mayar da shi Hausa. Masu ihun suka yi shiru, shi kuma ya fara murmushi. Sai mai karatun ya kai wurin da ke cewa ƙwallo ta bar hannu kafin ƙafar turke ta tashi. A harin farko da yaron ya kai bayan an koma wasa, ya karɓi ƙwallo yana tsaye, ya fizga ta dama, ƙafarsa ta hagu ta riga ƙwallon tashi. Wannan karon da aka ce marshe, shi da kansa ya ajiye ƙwallon ya koma tsaro.